Taura Biyu a Baki Ɗaya

Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ka ba ni aron hankalinka. Ke ma 'yata matso kusa, don maganar ta shafe ki kamar yadda ta shafe shi. Zan ja muku kunne ne a kan wani fim na ƙasar Jafan, irin na zane mai motsi da kuke kira katun, mai suna School Days. Ba aikenku nake yi ku je ku nemo shi ba. Akwai abubuwa a cikinsa da idon mai kunya ba zai so gani ba, kuma su kansu mutanen Jafan ba don yara suka yi shi ba, shi ya sa sai dare ya raba tashoshinsu suke nuna shi. Ni zan ba ku labarin, in tsamo muku abin da yake da amfani, in bar sauran a inda yake.

Asalinsa wasan kwamfuta ne na manya da wani kamfani mai suna Overflow ya fitar a 2005. A 2007 kamfanin zane na TNK ya mayar da shi fim mai kashi 12, aka fara nunawa a watan Yuli. Masu kallo suka bi shi mako-mako har kashi na 11, suka zuba ido suna jiran na ƙarshe a tsakiyar Satumba. Ana gab da nunawa sai mummunan labari ya ɓullo daga garin Kyotanabe da ke yankin Kyoto, cewa wata yarinya 'yar shekara 16 ta kashe mahaifinta, wanda ɗan sanda ne, da gatari. Ba a riga an nuna ƙarshen fim ɗin ba balle a ce shi ta kwaikwaya. Amma masu tashar TV Kanagawa sun san abin da ke cikin kashin da ke hannunsu, suka ga bai dace a watsa shi a irin wannan lokaci ba. A madadinsa suka sa hotunan duwatsu da ruwaye na Turai, da wani jirgin ruwa yana tafiya a hankali a ƙasar Norwe, ana kaɗa kiɗa mai sanyi. Sauran tashoshi suka bi sahu. Sai wajen ƙarshen watan tashar AT-X, wadda sai an biya ake kallonta, ta nuna shi, bayan an mayar da launin jinin baƙi.

Labarin da ya kai ga haka da ɗan ƙaramin abu ya fara. Makoto Ito yaro ne ɗan ajin farko a babbar sakandare ta Sakakino. Kullum da safe yana shiga jirgin ƙasa ɗaya da wata yarinya mai yawan kunya, Kotonoha Katsura, 'yar masu hali, wadda da wuya ta ɗaga kai daga littafinta. Yana sonta, ya kasa yi mata magana. Akwai wani camfi a tsakanin ɗaliban, wai idan ka sa hoton wadda kake so a fuskar wayarka, aka yi mako 3 ba wanda ya gani, za ka same ta. Sai ya ɗauki hotonta a sace. Ba a je ko'ina ba asirinsa ya tonu, don Sekai Saionji, wadda aka zaunar kusa da shi a aji, ta leƙa ta gani. Sekai mai fara'a ce, mai baki, ba ta da nauyin jiki. Ta ce ya kwantar da hankalinsa, ita za ta haɗa su. Ta je ta ƙulla ƙawance da Kotonoha, ta shirya musu cin abincin rana a saman benen makaranta, har Makoto ya samu bakin faɗin abin da ke ransa, Kotonoha kuma ta amsa. A tashar jirgi ya tambayi Sekai da me zai saka mata. Sai ta sumbace shi, ta faɗa jirgi ta tafi. Ashe 'yar aiken ma sonsa take yi.

Daga nan al'amari ya fara karkata. Makoto yana gaggawar abin da bai halatta gare shi ba, Kotonoha tana ja da baya saboda kunya. Ya koma wurin Sekai yana ƙorafi, wai yarinyar tana gajiyar da shi. Sekai ta ce bari ta koya masa yadda ake tafiyar da mace, su riƙa gwadawa a tsakaninsu. Kun san inda irin wannan gwaji yake kai mutum. Kafin a kai rabin fim ɗin sun ƙetare iyaka.

Nan ne nake so ku tsaya ku duba da kyau, don a nan komai ya lalace. Zuciyar Makoto ta juya daga wannan zuwa waccan. Juyawar zuciya ba baƙon abu ba ne ga ɗan Adam, balle ga yaron da gemu bai fito masa ba. Abin da ya rage masa a lokacin magana ce da ba ta kai tsawon gaisuwar safe ba. Ya je ya tsaya gaban Kotonoha ya ce, "Ki yi haƙuri, ki yafe mini, raina ya koma wani wuri." Za ta yi kuka, za ta ƙi cin abinci kwana biyu, ƙila ta daina gaishe shi har su gama makaranta. Amma za ta san matsayinta, ta tattara zuciyarta ta yi gaba. Makoto bai faɗa ba. Yau ya ce sai gobe, gobe ya ce lokacin bai yi ba. In ya hango ta ya sauya hanya, in ta tare shi ya ƙirƙiro uzuri, in ta tambaye shi ya yi mata maganar da za ta ƙara ɗaure ta.

Ku ga abin da shirunsa ya haifar. Makaranta duk ta ɗauka Sekai ce budurwarsa, don da ita ake ganinsa, da ita ya yi rawa a bakin wutar da ake hurawa daren rufe bikin makaranta, inda masoya suke bayyana kansu. Kotonoha kuwa tana nan tana gaya wa kowa cewa ita ce budurwar Makoto. Gaskiya take faɗa, tunda shi ya nemi soyayyarta, kuma bai taɓa warware maganar ba. Sai 'yan mata suka mai da ita abin dariya, suna ce mata maƙaryaciya mai cusa kai, suna tare ta suna gargaɗinta ta fita harkar saurayin wata. Dama ba ta da ƙawaye, 'yan ajinsu sun saba matsa mata. Wanda zai buɗe baki ya wanke ta mutum ɗaya ne a duniya, shi kuma ya sunkuyar da kai. Aka toshe lambarta a wayarsa, ya bar ta a toshe. Tana gida tana saƙa masa kayan sanyi, tana kira ba ya shiga, tana ba kanta haƙuri cewa aiki ne ya yi masa yawa. A hankali hankalinta ya fara gushewa, har aka wayi gari tana riƙe da waya a kunne tana hira da fara'a, alhali ba kowa a ɗaya ɓangaren.

Ɗana, da za a tambayi Makoto dalilinsa, na san amsar da zai bayar, don ita samari suke bayarwa ko'ina. Zai ce ba ya so ya ɓata mata rai, zai ce nauyinta yake ji, zai ce kunya ce ta hana shi. Kada wannan ya ruɗe ka. Kunya ta gaskiya ita ce wadda take riƙe ka kafin ka aikata. Wadda ta bar ka ka aikata, sannan ta zo ta ɗaure maka harshe lokacin faɗa, tsoro ne ya ari sunanta. Ba hawayen Kotonoha yake tausayi ba, kansa yake tausayi kada a zubar da hawayen a gabansa. Ya guje wa ɓacin ran minti goma, ya ɗora wa yarinya azabar wata da watanni. Wanda ya yi haka ya kira kansa mai tausayi, ya zalunci mutum ya kuma zalunci kalma mai daraja.

Wanda kuma ya saba da ɓoye abu ɗaya, ɓoye biyar ba ya yi masa wuya. Da Makoto ya ga ƙarya tana wuce masa ba wanda ya tanka, sai ya saki jiki. Ya ci amanar Sekai kamar yadda suka ci amanar Kotonoha, ya bi wannan ya bi waccan, har da ƙawayen ita Sekai ɗin. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Rana ɗaya Sekai ta faɗa a gaban 'yan aji cewa tana da ciki, kuma nasa ne. Nan take 'yan matan da suke rububinsa suka watse, ya yi ta kira ba mai ɗauka. A cikin wannan halin, a lokacin sanyin Kirsimeti, ya ci karo da Kotonoha, ya ga yadda ta koma, ya fashe da kuka yana neman gafara. Kuka ne na gaske, amma ku lura da lokacin da ya zo. Sai da kowace ƙofa ta rufe ya tuna da wadda ta bar masa tata a buɗe. Kuma bai koyi komai ba, don abin da ya yi wa ta farko shi ya juya ya yi wa ta biyu. Sekai tana gidan su Makoto ta dafa masa abincin biki tana jira, shi yana can gidan cin abinci da Kotonoha. Da suka haɗu su uku ya wulaƙanta ta a gaban kishiyar tata. Bayan ta tafi ya tura mata saƙo a waya, yana nuna mata asibitin da za ta je a rabu da cikin.

Sauran labarin gajere ne. Sekai ta zo gidan su Makoto kamar za su yi magana. Saƙonta na ban kwana ya shigo wayarsa, kafin ya gama karantawa ta daɓa masa wuƙa har ya mutu. Kotonoha ta tarar da gawar, ta ɗauki wayarsa ta kira Sekai saman benen nan da aka fara haɗa su, ta kashe ta a can. Abin da ta yi wa gawarwakin biyu ba na bakin dattijo ba ne. Fim ɗin ya rufe da ita a cikin jirgin ruwa a tsakiyar teku, hankali ya tafi, tana murna wai yanzu sun kaɗaita da masoyinta. Bai ma tabbatar wa mai kallo ko cikin nan gaskiya ne ko ƙarya ba. Yara uku, biyu a ƙasa, ɗaya ta haukace.

Mun saba da wani irin ƙarshe a fina-finan Indiya da muka taso muna kallo, da namu na gida da suka ɗauko salonsu. Idan mutum uku suka sarƙe, marubuci yakan kawo ɗauki. A Kuch Kuch Hota Hai na 1998 ajali ne ya ɗauke ɗaya matar, daga baya kuma angon da aka yi wa baiko ya ja da baya ranar biki, ya miƙa amarya ga wanda take so yana murmushi. Kowa ya tashi daga kallo zuciyarsa wasai, an yi waƙa, an yi rawa, ba wanda aka kama da laifi. Irin wannan ƙarshe yana da daɗi, amma yana koya wa matashi cewa in ya rikita zukata biyu, ƙaddara za ta zo ta warware masa, ko ɗaya daga ciki ta yi masa kara ta janye. School Days, duk da ƙazantarsa da wuce gona da irinsa, ya ƙi yi wa mai kallo wannan alfarma. Ba wanda ya janye, ba abin da ya faɗo daga sama. An bar kowa da abin da hannunsa ya shuka. A wasan kwamfutar da aka ciro labarin, mai wasa ne yake zaɓar wa Makoto abin da zai ce a kowace mararraba, kuma akwai ƙarshe wajen 20, da yawansu lafiya lau ake rabuwa. Munanan ƙarshen sukan faɗa wa wanda ya yi ta kai-kawo tsakanin 'yan matan biyu, ya ba wannan fata ya ba waccan. Masu fim suka ɗauki Makoto mafi rauni suka bi shi har inda rauninsa ya kai shi.

Kada ka ce wannan ai Jafan ce, mu ba haka muke ba. Jirgin ƙasa da saman bene nasu ne, amma halin namu ne tare. Ka san saurayin da yake zuwa zance shekara biyu, iyaye sun san da shi, yarinya ta sallami duk masu zuwa saboda shi, sannan rana ɗaya ya ɗauke ƙafa. Ba faɗa, ba sallama. Ta kira ya ƙi ɗauka, ta aika ƙanenta ya ce yana nan tafe, sai a waya ta ga katin ɗaurin aurensa da wata, wani lokacin ma da ƙawar da take aikawa wurinsa. In ka tambaye shi zai ce nauyin iyayenta ya ji. To ɗana, idan zuciyarka ta juya, ga yadda ɗan halak yake yi. Ka fara tabbatar wa kanka cewa juyawar ta gaske ce, ba ɗokin sabon abu ba. Ka yi istihara, ka yi shawara da wanda ya girme ka. In ka tabbata, ka je da ƙafarka ka faɗa mata da bakinka, da ladabi, ba tare da ka ɗora mata laifin da ba ta yi ba don ka samu mafita. In magana ta riga ta je gaban manya, to manya ne za su warware ta. Ka samu baffanka ko kawunka ka gaya masa gaskiya, ka jure faɗan da zai yi maka, su je su ba da haƙuri yadda aka saba. Kada ka fara da wata kafin ka gama da wannan. Kuma kada ka jinkirta, don kowace ranar da ka ƙara, wani mai neman kirki ne yake wuce ta saboda ya ji an ce tana da miji.

Na san abin da wani zai ce, ai addininmu ya halatta mace fiye da ɗaya, to mene ne laifin son biyu? Ka dubi yadda aka halatta shi. Da waliyyi, da sadaki, da shaidu, da sanarwa a bainar jama'a, da ciyarwa da tufatarwa da muhalli, da sharaɗin adalci mai nauyin da ya sa aka ce wanda ya ji tsoron kasawa ya tsaya a kan ɗaya. Duk abin da ke cikinsa a fili yake, kowace ta san matsayinta da haƙƙinta da kwananta. Yaron da yake rantse wa wannan cewa ita kaɗai ce, ya zagaya lungu ya rantse wa waccan, bai kama hanyar wannan ba ko kaɗan. Yana son daɗin biyu ne ba tare da nauyin ko ɗaya ba, kuma tun kaka da kakanni aka ce taura biyu ba ta taunuwa. Malamai sun karantar da mu alamomin munafuki guda uku, ƙarya a zance, saɓa alkawari, da cin amana. Ka auna Makoto da su ka ga ko akwai wadda ya bari. Sannan ka auna kanka, don shi zane ne a takarda, kai kuwa za a tambaye ka.

Ke kuma 'yata, kada ki ɗauka na wanke 'yan matan. Sekai amana aka ba ta. Tun ranar da ta ga hoton nan ta san abin da ke ranta, kuma tana da hanya biyu masu tsabta, ko ta faɗi nata son tun kafin a ƙulla komai, ko ta ce ba za ta iya aiken ba ta koma gefe. Ta zaɓi ta uku, ta shiga tsakani da sunan taimako don ta samu kusanci. Ta riƙa cin abinci da Kotonoha, tana ba ta shawara, yarinyar da ba ta da kowa tana murna ta yi ƙawa. Sau da yawa zuciyarta ta dame ta, ta ce ya kamata a faɗa wa Kotonoha, amma ita ma ta bar wa Makoto faɗar, alhali ta fi kowa sanin ba zai faɗa ba. Idan kin san ranki yana kan wanda ƙawarki take so, kada ki karɓi aike tsakaninsu, kada ki zama mai sasanta su in sun yi faɗa, kada ki karɓi lambarsa da sunan za ki yi masa magana a kanta. Shari'a ta hana namiji ya nemi aure a kan neman ɗan'uwansa, kuma hikimar da ke ciki ba ta tsallake mata ba. Ki kuma riƙe wannan da kyau: wanda ya ci amanar wata don ya zo gare ki ya riga ya nuna miki sana'arsa. Sekai ta ga yadda ya yi da Kotonoha da idonta, ta zaci ita za ta tsira.

A al'adarmu ba laifi ba ne budurwa ta samu masu zuwa zance fiye da ɗaya, har ranar da mahaifinta zai ce ta fitar da gwani. Kowa ya san da kowa, ba wanda aka rufe. Inda ake shiga haƙƙi shi ne a yi wa kowanne alkawari a ɓoye, a karɓi kayan wannan da kuɗin wancan, ana sane da cewa ba za a aure su ba. Wanda kika san ba ki so, ki sallame shi da wuri da kyakkyawar magana, ki daina karɓar abin hannunsa. Gaskiya ɗaci gare ta, amma ɗacinta na lokaci ɗaya ne.

Ita kuwa Kotonoha an zalunce ta, ba shakka. Amma akwai darasi a wurinta da nake so ki ɗauka. Ta tara rayuwarta gaba ɗaya ta ɗora a kan yaro ɗaya, har ya zama in ya kauce ba ta da inda za ta dafa. Alamu sun yi ta zuwa mata, ta ƙi karanta su. Wanda yake sonki ba ya ɓuya miki mako da makonni, ba ya barin a ci mutuncinki yana kallo, ba ya jin nauyin a gan ku tare a inda ya dace. In kika ga haka, shirun nan amsa ce, ki karɓe ta ko da bai furta ba. Ki yi kukanki, ki gaya wa mahaifiyarki ko yayarki ko gwaggonki, ki koma ga karatunki da sana'arki da sallarki. Mutuncinki ba a aljihun saurayi yake ba. Kuma duk zafin da kishi ya kai, ba ya halatta jini. Masu kallo da yawa sun yi murna da mutuwar Makoto, suna cewa maganinsa ke nan. Kada ku shiga sahunsu. Mayaudari ya cancanci a guje shi, a tona shi a gaban manya, a bar shi da Allah, amma rai ba abin wasa ba ne, kuma wuƙar da Sekai ta ɗauka ba ta dawo mata da komai ba sai ajalinta. Kuna jin irin waɗannan labarai a garuruwanmu, na ruwan zafi da guba da wuƙa, kuma ba ku taɓa jin wadda ta yi ta samu sauƙin zuciya ba.

Akwai abu biyu da na lura da su a fim ɗin nan waɗanda suka fi jinin tayar mini da hankali. Na farko ita ce waya. Da ita aka saci hoto, da ita aka toshe mai kira, da ita aka aika maganar asibiti, da ita aka yi ban kwana, da ita aka kira wadda za a kashe. Duk wata magana mai nauyi da ya kamata a faɗa ido da ido, an tura ta ta gilashi, ko an danne ta da maɓalli. Wannan a 2007 ke nan, da wayoyin da ake buɗewa a rufe, kafin WhatsApp da TikTok. Waya tana sauƙaƙa wa matsoraci tsoronsa, don tana ɓoye masa fuskar wanda yake cuta. Ka sa wa kanka doka, ɗana, cewa maganar da za ta sa mutum kuka ba za ka rubuta ta ba, za ka je ka faɗa, ka ga abin da ka jawo. Wanda ya san zai ga hawayen da idonsa yakan yi tunani tun kafin ya yi alkawari.

Na biyu shi ne rashin manya. Kashi 12 cur, da kyar za ka ga uba ko uwa ko malami ya zaunar da ɗaya daga cikin yaran nan ya tambaye shi abin da ke damunsa. Yarinya tana zaucewa a gidan iyayenta, yaro yana shigo da 'yan mata gida ba mai tsawatarwa, wata tana cewa tana da ciki a tsakiyar aji. Masu ba da shawara duk sa'o'insu ne, kowa yana kare tasa ƙawar, kowa yana ƙara wa wutar itace. Ko Setsuna, aminiyar Sekai, wadda ta fi su natsuwa, ƙoƙarinta duk na ta ɗaure Makoto ga ƙawarta ne kafin ta tashi zuwa Faransa, ba ta damu da wadda za a taka ba. Mu Allah ya ba mu abin da waɗannan yara suka rasa. Muna da kaka da ake wasa da ita a faɗa mata abin da ba a iya faɗa wa uwa, muna da gwaggo da inna da kawu, muna da malamin unguwa. Ku yi amfani da su tun abu yana ƙarami. Faɗan da babba zai yi muku yau ya fi sauƙi a kan zaman makokin da zai yi gobe. Mu ma iyaye da namu, don mukan leƙa wayar yaro mu ga zane mai manyan idanu mu ce ai katun ne, mu wuce. Ba kowane zane ne na yara ba, kuma yaron da ba a tambayarsa abin da yake kallo, da wuya a tambaye shi abin da yake ji.

Saboda haka ga abin da nake nema a wurinku, kuma ba na gobe ba ne. Idan akwai wanda yake zaune da alkawarinku a hannu, alhali kun san a ranku kun riga kun tashi daga kai, ku je ku sallame shi a cikin makon nan, da mutunci, da sanin wani babba. Idan akwai amanar ƙawa ko ta aboki da kuka fara taɓawa, ku janye hannu tun ba a ji ba, ku nemi gafarar Allah. Idan kuma ku ne ake ja wa rai, ku tambaya sau ɗaya a fili, ku ba da wa'adi, in ya cika ba amsa ku kama gabanku ba tare da gaba ba. Allah ya tsare muku zukatanku da mutuncinku, ya ba ku ƙarfin faɗin gaskiya a lokacinta, ya haɗa kowannenku da abokin zama na gari ta hanyar da ba a zalunci kowa ba. Allah ya yi muku albarka.